Huɗu Cikin Ɗari

Zuwa ga Na-Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da sanƙon da aka ce ya fara cin maka gaban kai. Mu nan lafiya ƙalau, in ban da gwiwar Inna da ta sake tashi. Amma tana takawa har bakin ƙofa ta yi wa yaran maƙwabta faɗa, ka ga kenan da sauƙi. Malam maigidana yana gaishe ka. Ƙanena Auta da matarsa da 'ya'yansu biyu suna nan lafiya.

Kada ka ɗauka kewarka ce ta sa na ɗauki biro. Magana ce ta kawo ni.

Ka san aikina a ofishin ƙididdiga. Mu ne muke tura ma'aikata gida-gida suna tambayar wa ke aiki, wa ke zaune, mu tattara mu fitar da alƙaluma. To, tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin irin abin da ya fito mana bana ba. Ashirin da ɗaya cikin ɗari, Na-Goggo! A duk mutum biyar masu jini a jika, ɗaya yana zaune ba aikin fari balle na baƙi. Na sa aka sake lissafin, haka ya sake fitowa. Da muka kai wa Darakta, cire tabarau ya yi ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce ko za a iya jira sai bayan kasafin kuɗi a fitar. Ko ba takarda ma, ido ya isa shaida. A layinmu tela ya rufe, mai gyaran talabijin ya rufe, mai kantin kwana kuma sukari da cokali yake auna wa mutane yanzu.

Makon jiya littafin nan na shekara-shekara ya iso, wanda hukumar ƙasashe ke bugawa. A jadawali ɗaya, wanda muke kira tebur, ake jera ƙasa bayan ƙasa: rashin aiki, tsadar kaya, mutuwar jarirai, yaran da suka bar makaranta. Karayar tattalin arzikin nan ba ta bar kowa ba, manya da ƙanana. Wata ƙasa sha bakwai, wata har talatin. Na bi da yatsa har na zo kan taku, sai na ga huɗu. Huɗu cikin ɗari! Wallahi na ɗauka wani abu ne ya rufe lamba ɗaya, har da kankare takardar da farce. Ashe kana can kwance cikin daula ka yi mana gum, munafuki.

Yanzu ga maganar. Auta yana nan a gidan ruwa, shi ke kula da wutar injinan famfo. Aikin gwamnati ne, da fanshonsa a gaba, amma albashi ya zama sai an ga dama, in ya zo kuma ba ya kai tsakiyar wata. Jiya na tarar da shi yana ɗinke takalmin makarantar babbar 'yarsa da wayar wuta. Raina ya ɓaci matuƙa. Mutum da sana'a a hannunsa, ga ɗan'uwa a ƙasar da ake huɗu, me yake jira?

Na san ka da dogon surutu. Mu a wurin aiki an koya mana ba a barin mutum ya yi ta zuba. A yi masa tambaya yadda take a rubuce, ya ce eh ko a'a, a wuce. Labari yana da ƙari, lamba ba ta da shi. Saboda haka amsa mini waɗannan.

Ka je aiki a makon da ya wuce? Kamfanin tayil ɗinku yana buɗe? Akwai wurin kwana a masaukinku in baƙo ya zo?

Kada ka sa mini gishiri.

Taubashiyarka da ta fi ƙarfinka,
'Yar Kawu

*

Zuwa ga Uwar Lissafi,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, ko in ce takardar jarrabawarki. Lafiyata ƙalau, alhamdulillahi. Ki yi wa Inna ya jiki, ki ce ta rage faɗa gwiwa za ta huta. Sanƙo kuwa gadon Kawu na ci, Allah ya jiƙansa, ke ma ki riƙa duba ƙarƙashin ɗankwalinki.

Ga amsoshinki, ranki ya daɗe. Na je aiki makon jiya, eh. Kamfani yana buɗe, eh. Wurin kwana akwai, eh. Maki nawa na ci?

Kin hana ni gishiri, amma bari in ɗan barbaɗa. Ɗakin nan da muke kwana mu shida, yanzu ni kaɗai ne a ciki. In na ga dama yau in kwana a wannan gado, gobe a wancan. Banɗaki babu layi. Bas ɗin safe da a da sai mutum ya rataye a ƙofa, yanzu har miƙe ƙafa nake ina kallon gari ta taga. Barci kuwa ina yin sa har rana ta haska ɗaki, abin da kika daɗe kina zagina a kai ya samu gurbi. Tayil mun yi shi har ya cika farfajiyar kamfani, an jera shi sama da tsayina, sai ka bi ta tsakaninsa kamar lungu kafin ka kai ƙofar shiga.

Huɗun da kika gani, ku ne masu boko. In kun ce huɗu ne, wane ni in ce biyar.

Maganar Auta kuwa, ni dai a ganina kada a yi gaggawa. Aikin gwamnati ba abin wasa ba ne. A ɗan dakata in ga yadda abubuwa za su kasance, zan rubuto. Ki gaishe shi, ki gaishe da mai ɗakinsa da yara. Malam kuma ki ce ina yi masa sannu da haƙurin zama da ke.

Naki, ko kin ƙi ko kin so,
Na-Goggo

*

Zuwa ga Na-Goggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta ji saƙonka, ta ce in ka dawo za ta nuna maka wanda zai rage faɗa. Ƙaramin Auta ya yi zazzaɓi amma ya warware.

Ka ci jarrabawa, amma ka faɗi a halin kirki. Gado shida kai kaɗai! Mu nan mutane suna komawa gidan iyayensu saboda haya ta gagara, kai kamfani ya ware maka ɗaki guda kana birgima. Bas da wurin miƙe ƙafa, kaya ya cika farfajiya don yawan aiki, sannan ka dubi tsabar idona ka ce a dakata? Na san ka tun kana ɓoye alewa a cikin safa. Rowa ce, ba ka son a raba maka ɗaki. To an ƙi a dakata.

Na ɗauki littafin na kai gidan Inna da yamma, na tara su. Na buɗe teburin a kan tabarma, na nuna musu namu, na nuna musu naku. Na karanta musu wasiƙarka tun daga sama har ƙasa, Inna tana ta dariya wajen gadaje. Matar Auta ce kaɗai ta ƙi sakin fuska. Ta ce, “Yaya, ni dai ban yi karatunku ba, amma ai ya ce a dakata.” Na ce mata haka yake tun yana yaro, in ka tambaye shi ruwa ma sai ya ce a dakata. Ta tashi ta shiga kicin.

Auta ya daɗe yana kallon lambar nan. Ka san shi ba mai magana ba ne. Ya ce, “Yaya, kin tabbata?” Na ce aikina kenan, da shi nake ci da shi nake sha. Na kwafe masa shafin a injin ofis, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Saboda haka ka shirya. Ƙarshen wata zai miƙa takardar ajiye aiki. Ya sayar da babur ɗinsa, ya karɓi takardar ziyara, in ya iso kai za ka kai shi wajen manajanku a mayar masa da ita ta aiki. Kamfanin da ke da injina ba zai rasa buƙatar mai wuta ba. Matarsa da yara za su zauna wajen Inna kafin ya kama ƙasa.

Ka wanke zanin gado ɗaya, na san tun da ka je ba su ga ruwa ba.

'Yar Kawu

*

'Yar Kawu,

Salamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ki tsayar da shi. Duk abin da kike yi ki ajiye, ki je ki tsayar da Auta, kada ya miƙa takardar nan.

Yau na ga wasiƙarki. An sallami maigadin masauki, ba mai raba wasiƙu, ashe a kwali ake zuba su a ɗakin ƙofa. Na shiga neman tsintsiya na ci karo da rubutunki, ƙura ta rufe ambulan. Da na duba tambarin gidan waya sai na zauna a ƙasa. Na ruga wajen wayar da ke bakin ƙofa, an yanke ta. Ban san ko na makara ba.

Haba 'Yar Kawu! Haba! Me kika karanta a wasiƙata? Mutum biyar da nake kwana da su ba ƙarin girma aka yi musu ba, korarsu aka yi. A nan takardar zaman baƙo a jikin aikinsa take. Ranar da aka sallame ka, ranar ake fara ƙirga maka kwanakin fita. Sun naɗe katifunsu sun tafi, ɗaya ma ya bar takalminsa a ƙarƙashin gado. Bas ba kowa don ba mai zuwa aiki. Gine-gine sun tsaya cak a duk garin, ba mai sayen tayil, shi ya sa ya cika farfajiya har ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsa. An kashe tandar gasa tayil tun kafin wasiƙarki ta farko. Tantabaru ne a saman bututun hayaƙi yanzu.

Ni an bar ni ne da wasu 'yan kaɗan, muna zuwa sau ɗaya a mako mu tayar da injina su ɗan juya don kada su cije, mu share, mu sa hannu mu koma. Rubu'in albashi ake ba mu. Sunana yana cikin ma'aikata, ƙofa tana buɗe, gado akwai. Abu uku kika tambaye ni, gaskiya uku na ba ki. Masu wuta kuwa su aka fara kora, tun da ba abin da ke cin wuta. Manajan da kike cewa in kai shi wajensa, shi ma ya tafi.

Za ki ce me ya hana ni faɗa ƙarara. Ke ma kin sani. Tsakanina da ke tun muna yara ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa wayyo. Da na rubuta miki cewa na zauna, har jikokina sai kin ba su labari. Na ɗauka in na ce ni kaɗai ne a ɗaki za ki ce ina sauran, in na ce a dakata za ki ce don me. Ke da kike da kai kamar allura! Ba ki tambaya ba. Ko sau ɗaya ba ki ce yaya kake ba, Na-Goggo, me kake ci. Ni kuma na ga hanyar zillewa na zille. Wallahi da na san kan Auta abin zai faɗa, da na haɗiye girman kaina na rubuta miki da manyan baƙaƙe.

Huɗunku ban san inda aka samo ta ba. Tun da nake masaukin nan ban taɓa ganin wani ya shigo da takarda yana tambayarmu ba.

In bai miƙa ba, ki karɓe takardar ki yaga a gabansa. In ya miƙa, ki je ki durƙusa wa duk wanda ya kamata. Zagina kuma ki ajiye, in komai ya lafa ki yi har ki gaji.

Na-Goggo

*

Zuwa ga Na-Goggo,

Assalamu alaikum. Jikinmu lafiya, amma hankalina ba ya jikina. Shiru ba amsarka tun da na rubuta maka ka shirya. Na buga wayar masaukinku har ma'aikacin gidan waya ya gaji da ni, ya ce layin a yanke yake. Don Allah kana raye?

Na-Goggo, na yi ɓarna. An sa ni in shirya bayani a kan littafin nan don taron ofis, sai na juya shafin da ke bayan teburin, inda ake rubuta yawan ma'aikatan kowace ƙasa baki ɗaya. Namu yana nan yadda yake bara, mutane ne dai suka zauna. Naku ya zube. Mutane sun ɓace daga lissafin, dubu ɗaruruwa, ba sa cikin masu aiki, ba sa cikin marasa aiki. Na koma teburin na duba ƙasansa, ga ɗan rubutu nan sirit: ba a haɗa da baƙin ma'aikata ba, ba a shiga masaukin kamfanoni, wanda aka tura hutun dole kuma mai aiki ne. Ni, ni da nake koya wa sababbin ma'aikata cewa a fara karanta ƙasan tebur kafin samansa! Na ga huɗu, na ga Auta yana ɗinkin takalmi, idona ya rufe. Ashe ku ba rashin aiki ne babu ba, marasa aikin ake fitarwa.

Na ɗauko wasiƙarka daga jaka na sake karantawa a tsaye. Gado shida. La ilaha illallahu! Ina mutum biyar ɗin suka tafi?

Ko jakata ban rufe ba na fita na tari mota zuwa gidan ruwa. Auta ya riga ya miƙa takardar tun ƙarshen wata. Na hau bene wajen mai kula da ma'aikata, wani dattijo a ɗaki cike da fayil har kan kujerar baƙi. Na gaya masa kuskure ne, a dawo mana da takardar. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Baiwar Allah, ranar da ya kawo aka sa mata hannu. Umarni ne daga sama, duk kujerar da mai ita ya bari a soke ta. Ba a ɗaukar wani, ba a mayar da mai ita.” Na ce shekarunsa fa, fanshonsa fa? Ya ce bai kai shekarun fansho ba, saura kaɗan, sai dai ɗan kuɗin sallama in an samu. Na durƙusa masa, Na-Goggo, a gaban masinja na durƙusa. Ya ce in tashi don Allah. Wai har godiya shugabansu ya yi, ya ce da ana samun irin ƙanena da yawa da ba sai sun kori kowa ba.

Daga nan na wuce gidan Inna. Na same shi yana goge kayan aikinsa yana jerawa a akwati, matarsa tana ninke masa riguna. Na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya zaro shafin nan daga aljihu. Ya ce, “Yaya, ke kika ce labari yana da ƙari, lamba ba ta da shi. Yanzu kuma kin zo mini da labari. Na-Goggo da hannunsa ya rubuta eh sau uku.” Na ce lambar ce ba ta ƙirga irinsa ba. Ya ce, “To a nan wa ke ƙirga ni? Aiki ya tafi, babur ya tafi. In zauna in kalli Inna tana ciyar da 'ya'yana?” Matarsa ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ya ce zai tafi. Na roƙe shi ya jira amsarka, ya ce zai jira kaɗan, amma takardar ziyara tana da wa'adi. Kai kaɗai zai yarda da maganarka yanzu. Ka rubuto mini gaskiya, duk tsawonta. Yaya kake? Me kake ci? Na janye dokata, ka yi ta zuba.

'Yar Kawu

*

Na-Goggo,

Salamu alaikum, muna nan da rai. Wasiƙarka ta iso yau da hantsi. Auta ya hau mota jiya da safe.

Na karanta ta a bakin ƙofar ofis, na karanta wa Inna, ta ce in sake karanta wurin tantabarun, sannan ta juya fuska bango. Matarsa ba ta nan lokacin, ta kai yara makaranta, kuma har yanzu na kasa gaya mata.

Ba zan zage ka ba, ba ni da bakin zagin kowa. Babbar motar da ke tsallaka iyaka ya shiga, shuɗiyar riga ce a jikinsa, da akwatin ƙarfe. Wannan wasiƙar na ba wa direban motar yau, ya ce zai sa a kai maka hannu da hannu, amma Auta zai riga ta isa. Ina roƙon Allah ya sa ka yi tunanin zuwa tasha da kanka.

'Yar Kawu

*

Zuwa ga 'Yar Kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau mu biyu, ki fara gaya wa Inna wannan. Ya iso, yana hannuna. Ya ɗan yi mura a hanya, na dafa masa shayi.

Tun da na aika miki waccan wasiƙar kullum sai na je tasha, don raina ya ba ni na makara. Ba ki san tashar nan ba. Rumfa biyu ce, ta masu sauka da ta masu tafiya, da shingen ƙarfe a tsakani. Ta masu tafiya ba masaka tsinke. Maza ne zaune a kan katifu ɗaurarru da igiya, da fanka, da tukwane, wasu sun kwana biyu a wurin suna jiran kujera. Na ga mutanen kamfaninmu, na ga wanzamin da ke mana aski da madubinsa a hammata. Rumfar masu sauka kuwa ni kaɗai ne a kan benci, har mai shara ya saba da ni.

Da motar ta tsaya, ƙofa ta buɗe, mutum ɗaya ne ya sauko. Shuɗiyar riga, a goge, ashe cire ta ya yi a hanya, sai a iyaka ya mayar da ita don ya shigo da kyan gani. Ya hango ni ya yi murmushi, ya ɗaga mini akwatin. Kafin ya ƙaraso aka buɗe shinge, mutanen can suka yi wa motar ca, ana turereniya ana jefa kaya ta taga. Ya tsaya a tsakiya suna bangazarsa ta ko'ina. Wani dattijo ya dubi akwatin, ya dube shi, ya ce, “Ɗana, zuwa ka yi?” Auta ya ce eh. Dattijon ya riƙe baki, ya wuce.

Ya juyo ya ce mini, “Na-Goggo, duk waɗannan ina za su?” 'Yar Kawu, ni da ba a raba ni da magana, akwatin kawai na karɓa na yi gaba, ya biyo ni.

Washegari na kai shi kamfani, don gara ya gani da idonsa. Muka bi ta lungun tayil, na nuna masa tanda a sanyaye. Ya buɗe akwatin wuta ya leƙa, ya shafa wayoyin, ya ce wanda ya yi aikin nan ya iya, ya mayar ya rufe. Mun zaga sauran kamfanonin layin da ƙafa, duk ƙofa da kwaɗo, inda ba kwaɗo kuma akwai allo an rubuta ba a ɗaukar ma'aikata. Bai yi mini faɗa ba, bai ambaci sunanki ba. Da muka dawo ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon takalmin nan da aka bari.

Ni ma an kira mu an gaya mana wannan watan ne na ƙarshe. Na sa sunanmu a layin mota, tare za mu taho in kujera ta samu. Ki nema mini ko tabarma ce a zauren Malam. Matarsa kuma ki je ki gaya mata da bakinki, kada ta ji a wani wuri. Na ce masa ya sa muku hannu ko layi ɗaya ne, ga shi a ƙasa.

Na-Goggo

Yaya, ina gaisuwa, na iso lafiya. Na gani. Ki gaishe da Inna, ki ce wa maman yara ina nan tafe. Don Allah in kin bi ta gidan ruwa ki faɗa musu injin na biyu yana ɗaukar zafi in rana ta take, sai an kashe shi ya huta a tayar da na uku, in ba haka ba zai ƙone unguwa ta rasa ruwa. Na manta ban rubuta a takardar miƙa aiki ba. Ki gaya wa duk wanda aka sa a wurina.

Auta